Abin da aka tattara kan canjin shokabsoban baya na tsohon keken hawan dutse

Jama'a ga abin da na tsinta cikin dogon zancen da aka yi kan wane shokabsoba za a sa in tsohon ya fara kwaram-kwaram.

1. Kowa ya yarda a fara auna tsohon daga ido zuwa ido (tsakanin ramuka biyun da ake ɗaure shi da su), da tsawon matsuwarsa. Tsofaffin kekuna galibi 190x50 ko 200x57 ne (tsawo da matsuwa, a milimita), sabon awon da ya fito 2016 irin 210x55 ba lalle ya zauna ba.

2. Duba bushin (ɗan zoben da ke cikin idon) da bodis tukuna, sau da yawa su ke kawo kwaram-kwaram ɗin.

3. In ka hau, shokabsoban ya nutse kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari na tsawon matsuwarsa.

Inda aka rabu: wasu na son shokabsoba na iska don sauƙin nauyi, amma yana buƙatar famfonsa na musamman, wasu suka ce na sifirin ya fi jure ƙurar hunturun Sakkwato da zafinmu, ni dai gaskiya nan na karkata.