Neman shawara: Zan iya zuwa furta zunubi alhali zuciyata ba ta huce ba?

Wata 'yar'uwa (ta nemi a sakaya sunanta):

Salamar Almasihu ta kasance da ku, iyayena da 'yan'uwana. Mun shiga Adbent, lokacin jiran zuwan Ubangiji, Fada kuma, wato firist ɗin Ikkilisiyarmu, ya sanar cewa za a yi sujadar tuba kafin Kirsimeti. Tun ranar da na ji sanarwar nan barcin kirki ya ƙaurace mini.

Lokacin da mahaifiyarmu take jinyar ajali, ni ce a gefenta, a hannuna kuma ake tara kuɗin maganin da 'yan'uwa suke kawowa. Bayan rasuwarta, yayata uwa ɗaya uba ɗaya ta bi dangi tana cewa na cinye kuɗin, har da cewa sakacina ne ya kashe Mama. Allah ne shaidata, ban ci komai ba, nawa ma na ƙara. Shekaru ke nan ko gaisuwa ba ta haɗa mu. Idan ana addu'ar Ubanmu aka zo wurin "ka gafarta mana laifofinmu kamar yadda muke gafarta wa masu yi mana laifi", sai bakina ya mutu. Na daina karɓar Jikin Almasihu, wato gurasar tarayya mai tsarki da ake bayarwa a coci, na daina zuwa wurin Fada furta zunubi, don gani nake ƙarya zan yi wa Allah.

Don Allah ku ba ni shawara. Zan iya zuwa furta zunubi alhali har yanzu in na tuna maganarta ƙirjina zafi yake yi? Dole ne sai na fara zuwa wurinta? In na yafe, shi ke nan na yarda sunana ya tafi a haka?

Maman Tagwaye:

Wayyo 'yata, sannu. Allah ya ji ƙan Mama, ya ba ta hutawa ta har abada. Wanda ya yi jinya ne kaɗai ya san abin da jinya take, kuma sau da yawa shi ake wa sakayya da baƙar magana. Ni ba malama ba ce, amma abu ɗaya na sani: kada ki bar Kirsimetin nan ya wuce kina zaune a benci mutane suna tashi karɓa. Ki je wurin Fada yadda kike, ki gaya masa abin da kika gaya mana.

Wani ɗan'uwa:

'Yar'uwa, gaskiya ɗaci gare ta, amma sai an faɗa. Ubangiji ya ce a Matiyu 5:23-24, in kana miƙa baiko a bagade ka tuna ɗan'uwanka yana da wata magana a kanka, ka bar baikon, ka je ku shirya tukuna. A Matiyu 6:15 kuma ya ce in ba mu yafe wa mutane ba, Uba ba zai yafe mana ba. Ita ce babba, ki sauke kai ki je gidanta kafin ki je wurin Fada. Maganar suna ki bar wa Allah.

Katikis mai ritaya:

Ɗana, ayoyin da ka kawo daidai suke, amma yadda ka jera su zai iya sa yarinyar nan ta ƙara wasu shekarun a waje. Bari in ɗan tsawaita, ku yi haƙuri da tsoho.

'Yata, abu uku kika haɗa wuri guda: zafin da kike ji, yafewa, da sulhu. Kowanne da hukuncinsa.

Zafi ba zunubi ba ne. Katikisim na Ikkilisiyar Katolika, wato littafin koyarwarta, a sakin layi na 2843, ya faɗa a fili cewa ba ya cikin ikonmu mu daina jin ciwon laifin da aka yi mana ko mu manta da shi, amma zuciyar da ta miƙa kanta ga Ruhu Mai Tsarki tana juya ciwon ya zama tausayi, ya zama addu'a domin wanda ya yi laifin. Abin da yake zunubi shi ne ƙiyayya ta ganganci, wato mutum ya zauna yana yi wa wani fatan sharri da saninsa, kuma tana zama babban zunubi idan mugun abu mai girma ake fata. Wannan yana sakin layi na 2303. Saboda haka ki tambayi kanki a gaban Allah: ina so masifa ta same ta ne, ko dai ciwo kawai nake ji? Ko da amsar ta zama ta farko ce, ai dalilin zuwa wurin Fada ke nan. Sakramentin Tuba domin masu ciwo aka kafa shi. Abin da ake bukata gare ki shi ne nadama kan naki zunubin da niyyar rabuwa da shi. Idan iyakar abin da za ki iya cewa shi ne "Fada, ina so in yafe amma na kasa", to ki faɗi hakan. Ba ƙarya kika yi ba, kuma wannan son da kike yi alherin Allah ne ya riga ya fara aiki.

Yafewa kuwa shawara ce da mutum yake yankewa: na ajiye ramuwa, ba zan biya mugunta da mugunta ba, na sa ta a hannun Allah domin alherinta. Kina iya yanke ta yau, gobe ki tashi da zafin, ki sake yanke ta. Ina ganin har da wannan a cikin amsar da Ubangiji ya ba Bitrus a Matiyu 18, cewa ba sau bakwai ba, sai bakwai sau saba'in. Wani lokaci laifi ɗaya ne ake ta yafewa.

Sulhu shi ne yake bukatar mutum biyu. Shi ya sa Manzo Bulus a Romawa 12:18 ya sa sharaɗi, ya ce in mai yiwuwa ne, iyakar abin da yake hannunku, ku zauna lafiya da kowa. Naki shi ne ki buɗe ƙofa. Shigowa nata ne.

Malamar makaranta:

Baba Katikis, Allah ya ƙara girma. Ina so in taɓa tambayarta ta uku, don a nan ne ban yarda da ɗan'uwanmu na sama ba. Mu mata sau da yawa ana ce mana "ki bar wa Allah" don kawai a rufe magana. Ikkilisiya ba ta ɗauki ɓata suna da wasa ba. Katikisim ɗin nan dai, a 2487, ya ce duk laifin da aka yi wa gaskiya da adalci yana ɗauke da wajibin gyara, ko da an riga an yafe wa mai laifin. Wato yayarki tana da bashin wanke ki a gaban waɗanda ta ɓata ki, yafewarki ba ta goge wannan ba. Ki tuna Zakka a Luka 19, da ya tuba bai tsaya a baki ba, ya ce zai mayar wa duk wanda ya cuta ninki huɗu.

Paparoma John Paul na biyu ma misali ne. An harbe shi a dandalin Waliyi Bitrus ranar 13 ga Mayu 1981. Tun yana gadon asibiti ya bayyana cewa ya yafe wa Mehmet Ali Agca, mutumin da ya harbe shi, ranar 27 ga Disamba 1983 kuma ya je har kurkukun Rebibbia a Roma ya zauna da shi. Duk da haka mutumin ya ci gaba da zaman kurkuku a Italiya har shekarar 2000. Yafewa ba ta soke gaskiyar abin da ya faru ba.

In kina da takardun asibiti ko shaidar sayen magani, ki adana su. Ki sami dattijo ɗaya a dangi wanda ku biyu kuke jin maganarsa, ki nuna masa cikin natsuwa. Niyyarki ta zama wanke kanki, kada ta zama kunyata ta. Ni dai da zan ba da shawara, kada a yi wannan zaman a ranar Kirsimeti cikin taron jama'a.

Wani ɗan'uwa:

Na ji, kuma na karɓi maganar Baba. Amma kada a mayar da shi hujjar naɗe hannu. Yahaya Mai Baftisma da muke ji a Lahadi ta biyu da ta uku ta Adbent cewa ya yi a ba da 'ya'yan da suka dace da tuba. Da mutane suka tambaye shi me za su yi, a Luka 3, abubuwan da ake gani da ido ya lissafa musu: mai riga biyu ya ba marar ita, mai karɓar haraji kada ya ƙara, soja kada ya yi ƙwace. Zumunci a ƙafa yake. Ko saƙon gaisuwa ne a tura.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Baba Katikis, na karanta maganarka ina hawaye. Na binciki zuciyata, ba na so wani abu ya same ta, 'ya'yanta ma ina kewarsu. Sai dai ina tsoro. Na daɗe rabona da furta zunubi, har na manta yadda ake farawa, Fadanmu kuma ya san danginmu duka.

Katikis mai ritaya:

'Yata, wannan mai sauƙi ne. Ba dole sai wurin Fadan Ikkilisiyarku ba, kowane firist mai izinin sauraro ya isa, shi ya sa ma ake gayyato baƙin firistoci a sujadar tuba. Kina da 'yancin durƙusawa a bayan labule ba tare da an ga fuskarki ba. Ko da shi ɗin kika samu, dokar Ikkilisiya ta 983 ta hana firist fitar da abin da ya ji a wurin furta zunubi, ko da wane dalili. Wanda ya tona da gangan ya fitar da kansa daga tarayyar Ikkilisiya nan take, kuma Kujerar Roma, wato hukumar Paparoma, ce kaɗai take iya ɗage masa hukuncin.

In kin shiga, ki yi alamar gicciye, ki ce "Fada, ka sa mini albarka, na yi zunubi", ki faɗi kimanin tsawon lokacin da kika yi rabonki da zuwa, ki ce masa ya taimake ki. Zai bi da ke a hankali. Ki haɗa da shekarun da kika bari ba ki karɓa ba, domin tun Majalisar Lateran ta huɗu, babban taron shugabannin Ikkilisiya a 1215, aka ɗora wa kowane mai bi furta zunubi aƙalla sau ɗaya a shekara da karɓar Jikin Almasihu a lokacin Ista. Abu ɗaya zan ja kunnenki a kai: zunubanki za ki kai, labarin yayarki ki taƙaita shi iya yadda Fada zai gane. Ki duba ko cikin zafin rai kin faɗi nata asirin a wurin wasu, ko kin sa 'ya'yanki sun guje ta. In akwai, ki ambata.

Game da shiri kuwa, kada ki ɗora wa kanki kaya da yawa. Adbent ba Azumin kwana arba'in ba ne. Ana sa tufafi masu launin shunayya, ana ajiye waƙar Ɗaukaka a ranakun Lahadi, amma Halleluya tana nan, domin jira ne mai sa zuciya. Kowace safiya ki karanta Bisharar ranar, kowane dare ki kira sunan yayarki a gaban Allah ki roƙa mata alheri guda, ko da muryarki tana rawa. Daga 17 ga Disamba karatun Mas, wato babbar sujadarmu, yakan juya kai tsaye zuwa haihuwar Ubangiji, zai yi kyau a ce kin riga kin je kafin nan.

Maman Tagwaye:

Game da saƙon da ɗan'uwanmu ya ce a tura, ni ma na goyi baya, amma ya zama gajere. Ki gaishe ta, ki tambayi yara, ki ce kina tunawa da ita a addu'a. Kada ki sa maganar kuɗi, kada kuma ki rubuta "na yafe miki", don wadda ba ta yarda ta yi laifi ba za ta ji shi kamar zagi. In ba ta amsa ba, kada ki bi ta da wani saƙon a makon. Ki bar dattijon da Malama ta ambata ya nemi lokacin zama bayan bukukuwa sun wuce.