Tururi, huci ko burbushi? Neman sunan Hausa ga radiyeshan

1/ Jama'a, a labarai an saba cewa "tururin nukiliya" in ana nufin radiyeshan. Ni ban gamsu ba. Tururi ana ganinsa, in an buɗe taga ya fita. Wanda aka gaya wa haka ranar hatsari zai buɗe tagoginsa, alhali rufe su ake so.

2/ Abu biyu aka cusa a kalma ɗaya. Akwai ƙarfin da ke fitowa daga sinadarin nukiliya yana ratsa jiki. Shi nake so mu kira hucin nukiliya. Kowa ya san hucin wuta: ba sai ka taɓa ba, kuma in ka matsa nesa ko ka shiga bayan katanga sai ya ragu. Kariyarsa ke nan, nisa da bango mai kauri da rashin daɗewa a wurin.

3/ Na biyu, ƙurar da iska ke kwasa ta zuba a kan rufi da gona da tufafi. Wannan burbushin nukiliya ne, kuma shi ya fi damuna. A Chernobyl ta ƙasar Yukiren, bayan fashewar tashar lantarki ta nukiliya ranar 26 ga Afrilun 1986, burbushin ayodin-131, wani sinadari mai fitar da wannan huci, ya sauka a ciyawa, shanu suka ci, yara suka sha madara. Ayodin kuwa a gaban wuya yake taruwa, wurin da maƙoƙo ke fitowa. Zuwa 2005 an samu fiye da mutum 6,000 da sankarar wannan wuri cikin waɗanda suke yara ko matasa a lokacin, a Yukiren da Belarus da Rasha. Abin takaici, ƙarfin wannan ayodin rabewa biyu yake duk kwana 8. Da an hana shan madarar na 'yan makonni, da yawansu sun tsira. Siziyam-137, wani sinadarin da ke cikin burbushin, shi kam sai kusan shekara 30 ƙarfinsa yake rabewa biyu.

4/ Da kalmar burbushi, umarnin likita na fita sarai: cire rigar waje, yi wanka da sabulu, kar a ci abin da aka bari a buɗe.

5/ Na san za a ce huci ana jinsa a fata, wannan kuwa ba zafi ba wari, sai na'ura ke gano shi. Gaskiya ne, don haka a sanarwa sai a riƙa ƙarawa da "wanda ba a ji".

6/ 'Yan'uwa na Arlit a Nijar, ku da kuke zaune kusa da ma'adinan yuraniyam, da wane suna ma'aikata ke kiransa a can?