Muryar talaka ko ɗan sarki?

Mai Albasa: Assalamu alaikum jama'a. Yau raina ɓace yake. Da sahe na tura ma mutumina na Goronyo kuɗin kaya, banki ya zare naira 50. Na tura ma direba nashi, an sake zare 50. Kahin azahar sai ga masu rasit bakin rumfa. Shi ya sa nike cewa Abdussamad Dasuki, mai wakiltar Kebbe da Tambuwal, shi ɗai na muryar talaka cikin majalisar wakilai. Disambar 2025 ya miƙe ya ce dokar harajin da anka buga a hukumance ba ita ta wadda sunka amince da ita ba. Sauran da munka zaɓa ina suke?

Malamin Firamare: Wa alaikumus salam Alhaji. Talaka fa ka ce? Ɗan Sarkin Musulmi Ibrahim Dasuki, wanda ya riƙe kwamishinan kuɗi na Sakkwato lokacin Gwamna Aminu Tambuwal? A nemo wata kalma dai.

Mai Albasa: Malam, muryar talaka ni ce, ban ce shi talaka ne ba. Kai da ka koyar da yara karatu!

Malamin Firamare: Wanda bai taɓa auna gero da rabin kwano ba, ta ina zai ari muryar?

Ɗan Tambuwal: To Malam Aminu Kano fa? Gidan malamai da alƙalai ya fito, amma har gobe jagoran talakawa ake ce mai. Ciwon wasu kawai shi ne yaron na PDP ne lokacin da ya yi maganar.

Mai POS: Alhaji, hamsin ɗin nan ba sabuwa ba ce. Da can wanda aka tura wa ake cire wa, daga Janairun 2026 aka mayar da ita kan mai turawa, in kuɗin sun kai dubu 10. Masu rasit kuma ba na Abuja ba ne.

Hajiya Mai Atamfa: Ni dariya ma kuka ba ni. Alhaji mai rumfa uku, Hajji biyu, shi ne ke kukan hamsin yana kiran kansa talaka. Mu da muke bin gidajen biki da ƙullin atamfa a ce mana me?

Mai Albasa: Hajiya, rumfa ukun biyu na haya ne, kuma albasa ta ruɓe min bara, kowa ya sani.

Ɗan Alu: Dokar ma ai ta raba gardama. Naira dubu 800 na farko da mutum ya samu a shekara babu haraji a kansu. Wanda bai kai nan ba shi ne talaka, kuma gwamnati ta ɗauke masa.

Malamin Firamare: Dubu 800 a raba 12, bai cika dubu 67 a wata ba. Wato ni da na ɗan haura haka, da mata da yara shida, na zama attajiri? Madalla. Bari in je in shaida wa mai shagon da ke bina bashi.

Ɗan Alu: Kuma masu cewa mutum ɗaya ne ya yi magana, ina kuke a 2024? Ali Ndume ɗan APC ne, shi ya fi kowa ɗaga murya kan ƙudurorin harajin. Gwamnonin Arewa suka zauna a Kaduna cikin Oktoba suka ce ba su yarda da rabon VAT, wato harajin da ake ɗorawa kan kayan da aka saya, ba. Da farko kashi 60 aka so a bai wa inda kuɗin suka fito, aka dawo da shi 30. An so VAT ya koma kashi 10, ya tsaya a 7.5. Wa ya yi wannan aikin?

Ɗan Tambuwal: Wa ya kai shi 7.5 ɗin daga 5? Ba ku ba ne a 2020? Ka kwaɗa wa mutum mari, sannan ka ce ya gode maka don ba ka ƙara na biyu ba.

Ɗan Alu: Shekara 16 kuna mulki, me kuka bar wa Sakkwato?

Ɗan Tambuwal: Tambayi ubangidanka Alu, wato Aliyu Wamakko, a cikinmu ya yi gwamna kafin ya sauya sheƙa.

Ɗaliba: Don Allah iyayena, tambaya gare ni. Wane sashe ne aka ce an canza a dokar? Akwai wanda ya ga takardun biyu?

Mai Albasa: Ɗiyata, ni a rediyo na ji, kuma mutumin ba ya ƙarya.

Ɗan Alu: Majalisa ta kafa kwamiti, a bar su su yi aikinsu.

Hajiya Mai Atamfa: Tunda ana maganar talaka, Alhaji, turmi biyun da uwargida ta ɗauka tun ƙaramar salla fa? Ko su ma banki ya zare?

Mai Albasa: Subhanallahi. Hajiya wagga magana nan wurin ta dace? Ki kira ni.

Hajiya Mai Atamfa: Na kira sau huɗu.

Malamin Firamare: Ni dai har yanzu ba a ba ni amsa ba. Talaka a asali ma wanda ba ya riƙe da sarauta ne, ko da yana da kuɗi. Ta wannan ma'aunin Alhaji talaka ne, ɗan majalisar kuwa ko kusa.

Ɗan Tambuwal: To ka ga ka wanke Alhaji ke nan.

Malamin Firamare: Ban wanke kowa ba.

Shugaban Zaure: Jama'a, isha'i ta gabato, bari in taƙaita. Abin da na fahimta, kusan kowa ya yarda ɗanmu na Kebbe da Tambuwal ya yi abin da ya dace, kuma shi ne ya tsaya wa talaka, illa mutum ɗaya da siyasa ta rufe wa ido. Malam ma daga ƙarshe ya sauko. Tambayar ɗaliba za mu duba ta wani lokaci. Batun atamfa a yi shi a waje.

Malamin Firamare: Ranka ya daɗe, yaushe na sauko?

Ɗan Alu: Shugaba, ba garinku ɗaya da shi ba?

Shugaban Zaure: An rufe sai da safe.