Neman shawara: ina so in sauya motar gidana da babba ta hannu mai injin dizal a baya

Mazaunin Houston ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Shekara shida ke nan ina riƙe da motar gida 'yar ajin C, wato irin mai gado a saman direba, mai tsawon ƙafa 31, wadda aka ɗora a kan shasin Ford E-450 mai injin fetur, kuma babu abin da zan ce game da ita sai godiya, domin ta kai ni da iyalina Colorado da Florida ta dawo da mu lafiya. Sai dai yara uku sun girma, mahaifiyata kuma tana zuwa wurinmu duk lokacin dogon hutun makaranta, saboda haka mu shida muke kwana a cikinta, har ta kai ga idan mutum ɗaya ya shimfiɗa darduma zai yi salla sai kowa ya ɗaga ƙafarsa. Ban da wannan, ƙarar injin da ke tsakanin kujerun gaba tana hana mu jin maganar juna idan muna hawan tudu, kuma duk tirelar da ta wuce mu a babbar hanya sai na riƙe sitiyari da hannu biyu.

Abin da nake so yanzu shi ne babbar motar ajin A, wato mai siffar bas, mai injin dizal a baya. Da kuɗin da na tara zan saya, domin ba ni da niyyar cin bashin banki mai ruwa, don haka sabuwa ba ta cikin lissafina. Guda uku na gani da idona. Ta farko Tiffin Phaeton ce ta 2014 mai ƙafa 40. Ta biyu Newmar Dutch Star ce ta 2012 mai ƙafa 43, wadda ke da ƙarin layin tayoyi a can baya. Ta uku Country Coach Magna ce ta 2006 mai ƙafa 45 da injin Caterpillar, kuma ita ce ta fi shiga raina saboda aikin katakon da ke cikinta, ga shi kuma ta fi sauran araha, mil 38,000 kacal ta yi. Ina roƙon waɗanda suka san waɗannan motoci su gaya mini abin da ya kamata in duba, da kuma wadda za su ɗauka da su ne a matsayina.

Bakaniken Manyan Motoci ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sanya alheri a wannan niyya. Ni aikina gyaran injin dizal ne, don haka zan tsaya a kan abin da ke ƙarƙashin motar, in bar wa wasu maganar ɗaki da falo.

Abin da ya fi burge ka a mota ta uku, wato ƙarancin tafiyar da ta yi, shi ne abin da ya fi tayar mini da hankali. Motar 2006 da ba ta wuce mil 38,000 ba ta shafe mafi yawan rayuwarta a ajiye, shi kuwa injin dizal ajiya ce ke cinye shi fiye da aiki. Robobin da ke tare mai suna bushewa, ruwa yana taruwa a tankin dizal har wani baƙin datti ya tsiro a ciki ya toshe filta, jakunkunan iskar da motar ke zaune a kansu suna tsattsagewa, birki kuma yana yin tsatsa. Na fi samun natsuwa da motar da ta yi mil dubu tamanin ko ɗari amma mai ita ya ajiye takardar kowane canjin baƙin mai da ya yi. Haka ma janareta: ka duba mitar awanninsa, idan ka ga kaɗan ne ƙwarai idan aka kwatanta da shekarun motar, wannan ba abin murna ba ne.

Akwai kuma tarihin da ya kamata ka sani. Kamfanin Country Coach na Junction City a jihar Oregon ya durƙushe a 2009, Caterpillar kuma ya daina ƙera injin motocin kan titi a 2010. Kayan gyaran injin ba su ɓace ba, ana samun su, giyar Allison kuma kowane babban gareji ya san ta. Wahalar tana wajen kayan da kamfanin motar ne kaɗai ke yin su, kamar gilashin gaba, murfin ɗakunan kaya na ƙasa da na'urorin lantarki na cikin gida. Tiffin har yanzu yana aiki a Red Bay ta Alabama, Newmar yana Nappanee ta Indiana, kuma ko da yake Winnebago ya sayi Newmar a 2019, Thor ya sayi Tiffin a ƙarshen 2020, za ka iya buga musu waya da lambar motarka su nemo maka abin da kake bukata.

Amma in yi wa tsohuwar adalci, tana da abin da sauran biyun ba su da shi. An ƙera injinta kafin dokar hayaƙi ta 2007 da ta kawo matatar toka a bututun hayaƙi, da ta 2010 da ta kawo ruwan DEF, wanda ake zubawa a tankinsa daban domin tsabtace hayaƙi, saboda haka ba ta da tarin na'urorin da za su iya rage wa mota gudu a tsakiyar hanya idan ɗaya ta yi gardama. Ta 2012 da ta 2014 duka suna shan DEF. Wannan ba aibi ba ne, amma ka sa a haɗa kwamfuta da injin a karanta duk ƙorafin da ya taɓa yi.

Idan ka koma kallon motocin, ka durƙusa ka karanta gefen kowace taya. Bayan haruffan DOT akwai lambobi huɗu na ƙarshe, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, wato 2317 na nufin mako na 23 na 2017. Tayar motar gida ba ta suɗewa, tsufa take yi, za ka gan ta da zane kamar sabuwa alhali cikinta ya gaji. Michelin da kansa ya ce kada ta wuce shekara goma, yawancinmu kuwa ba ma bari ta haura bakwai, domin fashewar tayar gaba a motar da ta haura laba 30,000 ba ƙaramin hatsari ba ne. Mai ƙafa 40 tana da taya shida masu inci 22.5, masu ƙarin layi suna da takwas, kowace ɗaya kuma ɗaruruwan daloli ce, don haka ka cire kuɗinsu daga farashi tun wajen ciniki. Ka lura kuma da inda lagireto yake. Na Dutch Star yana gefe, don haka da an buɗe baya ana ganin bel da filta. Na Phaeton yana baya ya rufe injin, kusan kowane aiki sai an shiga ta ƙasa ko ta ɗakin kwana, kuma kuɗin aikin bakanike a nan ƙasar da awa ake lissafa shi.

A ƙarshe, tunda a Texas kake, lasisinka na ƙaramar mota ba zai wadatar ba. Duk motar da nauyin da aka ƙayyade mata ya kai laba 26,001 tana bukatar lasisin ajin B wanda ba na kasuwanci ba, da jarrabawar rubutu da ta tuƙi, kuma dukkan ukun sun wuce wannan nauyi. Ka koyi gwajin birkin iska kafin ka tafi. Ni da zan zaɓa, Dutch Star zan ɗauka, muddin takardunta sun cika.

Uwargidan Tafiya ta rubuta:

Salamu alaikum. Malam bakanike ya yi bayani mai gamsarwa, Allah ya saka masa da alheri. Ni da maigidana mun yi shekara huɗu da mota mai ƙafa 43, kuma akwai abin da nake ganin Alhaji bai lura da shi ba. Waɗannan motocin alfarma yawanci saboda mata da miji da suka yi ritaya ake ƙera su. Akwai babban gado ɗaya a baya, sauran kuwa kujerun falo ne da ake warewa. Ƙaramar motarka ta yanzu, da gadonta na saman direba, tana iya fin wata mai ƙafa 45 yawan wurin kwana. Kafin ka biya ko sisi, ka ƙirga bel ɗin kujera nawa ke cikin kowace ɗaya, ka ga ko ya kai shida, sannan ka tambayi kanka inda Hajiya babba za ta kwanta ba tare da an tashe ta ba duk lokacin da wani zai shiga banɗaki da dare.

Shawarata ita ce ka tafi da uwargida, ku sa mai motar ya mayar da duk sassan bangon da ke turowa waje domin faɗaɗa ɗaki ciki, kamar yadda za su kasance idan ana tafiya. A haka za ku gane gaskiyar motar. A tamu, idan an rufe su, ƙofar firji ba ta buɗewa sai rabi, kuma ba a iya kaiwa ga babban banɗakin baya sai an hau kan gado. Ƙaramin bayan gida na tsakiya shi ya cece mu, kuma ga gidan da mutum shida za su yi alwala sau biyar a rana, na ɗauke shi wajibi. Ku tambayi girman tankin ruwan wanka da wanke-wanke, domin a wurinmu shi ne ke fara cika kafin kowane tanki. Ku duba murhu ma: da yawa daga cikinsu kai biyu ne kacal, wanda ba ya ɗaukar tukunyar tuwo da ta miya masu girman da iyali irin naku ke bukata.

Sai maganar tsawo, wadda ita ce ta fi canza mana yadda muke tafiya. Sansanonin gandun daji na gwamnati da yawa tsofaffi ne, an tsara su tun motoci ba su kai haka ba. A Zion ta jihar Utah, an ƙayyade girman motar da za ta iya bi ta ramin dutsen da ke hanyar gabas. A Glacier ta Montana, tsakiyar hanyar Going-to-the-Sun ba ta karɓar abin da ya wuce ƙafa 21. Dole ka riƙa jan ƙaramar mota a baya, kuma idan ka ɗaure ta da tayoyinta huɗu a ƙasa ba ka da damar yin baya ko kaɗan, sai ka kwance ta. Wuraren 'yan kasuwa masu kyau kuma wasunsu ba sa karɓar motar da ta haura shekara goma sai sun ga hotonta. Wutar lantarkin sansani mai amfiya 30 da ka saba da ita ba za ta ɗauki na'urorin sanyaya ɗaki biyu ko uku ba, sai mai amfiya 50. Idan jeji da duwatsu kuke so, ina ganin kada ku wuce ƙafa 40.

Ɗan'uwanku na Arizona ya rubuta:

Ina goyon bayan Hajiya a kan tsawo, amma ina da ɗan saɓani da Malam bakanike game da tsohuwar motar. Irin waɗannan da aka ƙera kafin durƙushewar tattalin arziki ta 2008 an zuba musu aiki mai nagarta, kuma akwai gareji a Oregon da tsofaffin ma'aikatan kamfanonin yankin ke gyara su har yau. Ga mutumin da hannunsa ya iya aiki, ba zan hana shi ba.

Abin da nake so in ja hankalin Alhaji a kai shi ne ruwa. Na sayi tawa daga hannun wani dillali, na yaba da sheƙin fenti da ƙamshin da aka fesa a ciki, ban hau rufi ba. Bayan wata biyu matata ta taka kusa da gado ta ji ƙasan ya lotsa kamar katifa. Da aka ɗaga tayil sai ga katakon ya yi baƙi, yana marmashewa a hannu, ashe ruwan sama ya daɗe yana bi ta gefen sashen da ke turowa waje. Motar ta yi wata uku a gareji, abin da na kashe kuma ya cinye duk ragin da na yi murnar samu. Saboda haka ka hau rufin da kanka ka duba duk inda aka liƙe da gam, ka tsaya a gefen motar da hantsi ka kalli bangon ko ya yi kumburi, ka buɗe kowane kabad na sama ka shinshina. Sannan ka ɗauki mai binciken motar gida wanda NRVIA, ƙungiyar masu binciken motocin gida, ta ba wa shaida, wanda ba shi da alaƙa da mai sayarwa, ka sa ya ɗebi baƙin man inji da na giya da na janareta da ruwan lagireto a kai ɗakin gwaji. Aikin yakan ci yini guda. Ka kuma ware kuɗi a gefe na gyaran shekarar farko, ka tuna cewa galan ɗaya na dizal mil bakwai zuwa takwas zai kai ka.

Mazaunin Houston ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Jiya Asabar na koma da uwargida da babban ɗana muka sake duba biyu daga cikinsu. Mai Country Coach ɗin dattijo ne mai gaskiya, da kansa ya ce mini ta shekara biyar ba ta fita daga rumfa ba tun da ƙafarsa ta fara ciwo, tayoyinta kuma na 2013 ne, takardun gyara ba su wuce guda huɗu ba. Na haƙura da ita, ko da yake har yanzu raina yana kan katakon nan. Dutch Star ɗin tana da fayil cike da rasit tun daga shekarar farko, tana da ƙaramin bayan gida a tsakiya kamar yadda Hajiya ta ce, amma bel ɗin kujera da muka ƙirga bai kai shida ba, kuma wannan ya tsaya mini a rai. Phaeton ɗin sai ranar Laraba mai ita zai dawo gari. Na riga na yi magana da mai bincike, na kuma karɓo littafin jarrabawar lasisi. Malam bakanike, idan babu damuwa ina da ƙarin tambaya: shin ana iya ƙara bel a kujerar falo ta hanyar da za a ɗaure shi da ƙarfen shasi, ko kuwa dole in nemi motar da aka yi mata shi tun daga masana'anta?