Me yasa fentin Raoul Dufy ke tsallake layi?

Ɗan Samaru: Salam jama'a, an bamu aiki a aji kan zanen Dufy, wani mai zane ɗan Faransa, na tseren kwale-kwalen da iska ke turawa, amma fentin baya tsayawa cikin layi kamar yaro ne yayi, ko idona ne?

Maman Hanifa: Ba idonka bane ɗana, da gangan yake yi. Shuɗi yake fara shimfiɗawa faca-faca sannan ya bi da siririn layi ya fidda kwale-kwale da tutoci, igiyar ruwa ma ƴan lanƙwashe ne kawai. A birnin Le Havre na Faransa aka haife shi 1877, bakin teku ya tashi.

Bazazzage: Aikin Matisse ne, shi ma mai zane ɗan Faransa, ya juya wa Dufy kai a 1905. Shuɗin nan dai ni baba yake tuna min, irin na marina wallahi.

Ɗan Samaru: Na gode Mama.