Allon da ya dafa ƙwan zabbi: wa ke gwada kaya kafin ya sayar?

Lawali Mai Zabbi: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Raina a ɓace yake. Na sayi allon daidaita zafi na injin ƙyanƙyasa wajen wani mai haɗa su da hannu a nan Maraɗi, ba zan kama suna ba. Na saita shi a digiri 37.5. Ƙwan zabo kwana 26 zuwa 28 yake yi, nawa sun kusa fasawa allon ya ƙi yanke wuta cikin dare, gari ya waye sun dahu. Da aka buɗe, ƙafar wayar awon zafi ta saki daga liƙinta, dalmar ta yi toka-toka. Maganata ɗaya ce: masu ƙananan shagunan nan ba sa gwada allo kafin su sayar. Ƴan koyo ke liƙawa, a jefa a leda, a karɓi kuɗi.

Baba Isufu Mai Rediyo: Wa alaikumus salam. Allah ya mai da alheri. Amma ɗana, su wa kake kira ƴan koyo? Tun zamanin kaset munka riƙe ƙarfen liƙi cikin kasuwar ga, ba a haife ka ba.

Sanusi: Baba, a yi mini haƙuri, daɗewa a sana'a daban, gwaji daban. Dalma mai kuza 63 cikin ɗari a digiri 183 take narkewa. In ƙarfe bai ɗumama ƙafar da tagullar allo tare ba, dalma takan hau sama ta zauna ba ta kama ba. Yau ya yi aiki, gobe zafi da jijjigar fanka su raba su. Irin wannan ma'aunin zafin kuwa, in wayarsa ta yanke, allo sanyi yake gani, sai ya bar wuta a kunne. Mai haɗawa da ya san aikinsa yakan tsara allo ya kashe kansa da zarar ma'auni ya yanke. Cire wayar ka ga abin da zai yi, minti ɗaya ne. Duk wanda bai yi haka ba, ko furfura gare shi, ɗan koyo ne.

Rabe: To ga ƴan takarda sun iso. Ku gama makarantar fasaha ku zo shagunanmu mu koya muku riƙon ƙarfe, sannan ku juya ku ce mana ƴan koyo. Sanusi, Baba kake gaya wa furfura?

Sanusi: Ban ambaci Baba ba, Yaya Rabe. Akwai ƙa'idar duba liƙi da masana'antu ke bi, IPC-A-610, ta raba kaya aji uku gwargwadon haɗarin lalacewarsu. Wa ya taɓa buɗe ta cikinku?

Rabe: Ita ta faɗa maka duk liƙi mai toka lalatacce ne? Tun 2006 Turai ta hana gubar dalma a yawancin kayan lantarki. Waccan marar gubar sai wajen digiri 217 take narkewa, kuma ko an liƙa ta daidai ba ta sheƙi. Lawali ya ga toka ya yanke hukunci, kai ma ka bi shi ba ka ga allon ba.

Mamman: Ni dai ɗan koyo ne, ban ga abin kunya a ciki ba. Kowane gwani da koyo ya fara. Mu ake bari da liƙi, in kaya ya dawo a ce yaro ne, in ya yi kyau a ce maigida ne.

Baba Isufu Mai Rediyo: Wane maigida kake nufi, Mamman? Faɗi mu ji.

Mamman: Ba da kai nake ba, Baba.

Hadiza: Don Allah a koma kan tambaya. Ni ma kiwo nake yi a unguwar Zariya. Kafin ku miƙa wa mai saye allo, awa nawa kuke barin shi a kunne? Kuna jona masa fitila ku ga yana kunnawa yana kashewa? Kuna sa alama a kan wanda aka gwada?

Ɗan Alhaji: Laifin dalmar da ake shigowa da ita ta Ɗan Isa, garin kan iyaka da Najeriya, ne. An rubuta 60/40 a jikin nadi, wato kuza 60 cikin ɗari, ka narka ka ga kamar tuwo.

Rabe: Kai da ke sayar da ta Sin dole ka ce haka. Daga Kano nake sayen tawa, ba ta taɓa ba ni kunya ba.

Ɗan Alhaji: Ta Kanon daga ina take zuwa? Kuma ka fara maido mini mitata ta awon wuta da ka ara tun kafin azumi.

Rabe: A zaure za ka yi mini tashin bashi?

Lawali Mai Zabbi: Jama'a, ni ƙwaina na rasa. Ban zagi Baba ba, ban san ma yana haɗa irin wannan allo ba. Har yanzu ba wanda ya ce mini ga yadda yake gwada nasa.

Sanusi: Ba za su ce ba. A watan Afrilu zafin garin nan yakan haura 40, cikin akwatin injin ya fi haka, kuma kondansa, ƴar na'urar da ke tara wuta a kan allo, duk ƙarin digiri 10 rabin rayuwarta yake ci. Wa ke duba ko mai jure digiri 85 ya sa ko mai jure 105?

Baba Isufu Mai Rediyo: Yaro, ranar da ka buɗe shagonka ka zo mu yi wagga magana.

Shugaban zaure, Alhaji Mamuda: Ya isa haka. Ga abin da na fahimta. Lawali ya yi asara, muna jajanta masa, amma bai kawo hoton allon ba, don haka ba a tabbatar laifin liƙi ne ba. Rabe ya nuna mana da hujja cewa toka ba ita ce lalacewa ba. Kalmar ƴan koyo ba ta dace ba, Lawali da Sanusi su nemi afuwar Baba Isufu, mu da muka tashi a hannunsa ba za mu lamunta ba. Abin da ke cikin littafin Turawa ba lallai ya yi daidai da allon jika biyar ba. Zancen mita a yi shi ta waya. Na rufe wannan batu.