Musayar waƙa kan Peppermint, wadda ta zo ta biyu

Hajjo:
Salamu alaikum 'yan uwa, jiya na raba dare ina kallon RuPaul's Drag Race zango na 9, na 2017, gasar nan ta Amurka ta masu caɓa ado da gashin kanti suna rawa suna mamin, wallahi labarin Peppermint ya tsaya min a rai, ita ce wadda aka haifa namiji ta koma rayuwa a mace. Ga nawa, mai iyawa ya amsa.

A Delaware ta girma, New York ta nufa,
Gidajen rawa na dare nan ta kafa ƙafa,
Ta daɗe tana danne abin da ke ranta,
Kar a ce ba ta dace ba, a raba ta da sana'arta.

Ɗanladi:
Anti Hajjo kin sosa min inda ke ƙaiƙayi, karɓi.

A ɗakin kwalliya, madubi na gabanta,
Abokan gasa sun yi cirko-cirko gefenta,
Ta faɗa musu mace ce, da bakinta,
Duniya na kallo, ba ta sunkuyar da kanta.

Baffa Sabo:
Ku dai yara, ni ban gane ba,
Mun san 'yan daudu, ba yau muka fara ba,
Masu tuwo da kaza a bakin tasha,
Shin ba su ne ba aka kai su tasha-tasha?

Hajjo:
Baffa ina gaisuwa, tambayarka a kan hanya take amma akwai bambanci.

Wasan drag sana'a ce, ado ne na dandali,
Da yawansu maza ne, in an tashi su wanke kwalli,
Ita ko in ta cire gashin ta goge jan-baki,
Macen ce dai za ta koma gida daga aiki.

Ɗanladi:
Daren ƙarshe su huɗu suka rage,
Peppermint ta kara da Trinity, ta ture ta gefe,
Sasha Velour ta ɗaga gashin kanta,
Jajayen furanni suka zubo a fuskarta.
Tun daga nan na san inda kambu ya nufa,
Peppermint ta yi ta biyu, ga gumi har ƙafa.

Ummi:
Yaya Ɗanladi ka tsallake wurin da ya fi min ciwo, a 2018 fa shi kansa RuPaul mai shirin ya gaya wa jaridar Guardian cewa da wuya ya karɓi wadda ta riga ta sauya jikinta a gasar, mutane suka yi masa ca har sai da ya ba da haƙuri, kuma bayan Peppermint ta gama ja masa 'yan kallo ne fa.

Ka ci moriyar ganga ka yada kwaurenta,
Ita ba ta yi zagi ba, ta kama gabanta,
A 2018 ɗin Broadway, dandalin wasan kwaikwayo na New York, ta buɗe mata ƙofa,
A wasan Head Over Heels, rawar Pythio ta taka,
Irinta ba a taɓa ba wa babban matsayi haka.

Hajjo:
Ƙanwata Allah ya biya ki, ai bayanta wasu irinta sun ɗau kambu.

Kylie Sonique Love a 2021 ta ɗau kambu,
All Stars na shida, gasar tsofaffin 'yan takara, ba mai musu ko tababa,
Sasha Colby 'yar Hawaii a 2023 ta biyo,
Ni ko duk sanda aka naɗa, Peppermint nake tuno.

Baffa Sabo:
To ita ina ta ƙare, ku ba ni labari,
Na ji an ce har Scotland ta je, wani gari.

Ummi:
Baffa shirin The Traitors ne na 2024, ana zama a wani tsohon gidan sarauta ana neman maciya amana a cikin 'yan wasa, kowa ya rubuta sunan wanda yake zargi.

Kan teburi aka zauna, kowa da allonsa,
Wannan ya juyo nasa, wancan ya juyo nasa,
Sunanta ne a jere, tun zaman farko,
Ba a ko bari ta sha ruwan gidan ba tukuna.
Ta miƙe tsaye, ta dube su ɗaya-ɗaya,
Ta ce ita mai amana ce, ba ta ci ta kowa ba,
Ɗakin ya yi tsit, wasu suka dafe kai,
Ni ma a nan falonmu na ajiye wayar kawai.